Wa'adin Bakwai Da Kwata

Shafi na 19

Assalamu alaikum 'yan gidanmu. Na ga saƙonninku, har da masu cewa in sa a tsige Zakiyya kowa ya huta. Ni ma ba daɗinta nake ji ba wallahi, amma ku bari mu ga ƙarshenta. Waɗanda suka shigo mana yau, Zakiyya ita ce firinsifal ta sakandaren 'yan mata ta Hajiya Maiturare da ke bakin hanyar Kongolam a Daura, wata bakwai ke nan da hawanta kujerar. Mun tsaya a inda aka watse daga taron malamai ba daɗi, bayan ta ci mutuncin Malam Yahya, dattijon da ke koyar da lissafi.

*

Da ƙafa ta turo ƙofar ofis, ta watsa fayil a kan tebur, ta cire tabarau ta jefar. Kanta kamar zai tsage.

Kwana goma sha tara suka rage 'yan aji shida su zauna jarrabawar fita, amma ita kaɗai ce abin ya dama. Haka take gani. Malami goma sha huɗu, a ce ba wanda zai buɗe baki ya goyi bayanta?

Ba a ƙwanƙwasa ba aka shigo. Malama Ma'u ce, mataimakiyarta, wadda ta yi shekara goma sha takwas tana koyar da Hausa a makarantar. Ta mayar da ƙofa ta murza makulli.

"Malama, ban ce a shigo ba."

"Na sani."

"To in magana ce a rubuto min, zan duba."

"Yau kam ba rubutu, Zakiyya. Da baki zan faɗa, kuma da kunne za ki ji."

Zakiyya ta ɗago. Tunda ta zo makarantar, Malama Ma'u ba ta taɓa kiran sunanta gatsal ba. Shugaba take ce mata, ko da su biyu ne.

"Maimaita min abin da kika faɗa wa Malam Yahya," in ji Malama Ma'u.

"Ai kina wurin."

"Ina wurin. So nake ki faɗa da bakinki ki ji yadda yake fita."

Zakiyya ta ja tsaki ƙasa-ƙasa. "Cewa na yi in wani abu yake sha ya faɗa mana, mu san matakin da za mu ɗauka. Tambaya ce. Laifi ne tambaya?"

"A gaban malamai goma sha uku."

"A taro aka yi laifin, a taro..."

"Mutumin da ya haife ki, ko ya kusa. Mutumin da yake jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan. Kin dube shi kin jefe shi da shaye-shaye, a garin nan, a zamanin nan da kalma ɗaya irin wannan take kai mutum gaban alƙali. Kin ga yadda Malam Jafaru ya tashi ya fita? Fiƙihu yake koyarwa, ya san nauyin abin da kika furta."

Zakiyya ta miƙe tsaye. Ta fara lissafi da yatsu.

"Malama, ki yi min adalci. Wata huɗu kullum sai takwas ta wuce yake shigowa. Makon jiya ya ba Amatullah Lawal makin Amatullah Dabo, uban yarinya ya zo nan ya wanke ni tas a gaban masu gadi. Shekaranjiya na leƙa ajinsa, ina kallo yana rubutu a kan rubutun da ba a goge ba, yara na ƙunshe dariya. Yau kuma ya shigo taro ya yi karo da kujera, idonsa jawur. Ke in ke ce me za ki ɗauka?"

"Da ni ce, sai in bari a watse, in kira shi gefe in ce Malam, lafiya kuwa?"

"Ni ba reno aka ɗauke ni ba, aiki aka ɗauke ni!"

"To aikin da wa za ki yi shi? Da kujeru?"

Daga waje ana jin hayaniyar yara suna rububin fita, da hon ɗin 'yan adaidaita a bakin get.

Malama Ma'u ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafinta. Ta daɗe tana kallon ƙasa kamar mai shawara da zuciyarta.

"Allah ya yafe min," ta ce a hankali, "alkawari na ɗauka masa, yau zan karya. Zakiyya, Malam Yahya makancewa yake yi."

Zakiyya ta tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi tun bara. Na dama kuma gefe da gefe duk ya rufe, ta tsakiya kawai yake gani, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Jan idon da kika gani, maganin da yake ɗigawa ne sau uku a rana."

"Ba... ba zai yiwu ba. Ai yana koyarwa."

"Da ka yake koyarwa. Littafin lissafin nan tun daga bango har bango yana cikin kansa, shekara ashirin da biyu yana bin sa. Takardun gwaji kuma ni nake karanta masa lokacin tara, a bayan ɗakin karatu, shi yana faɗin maki ina rubutawa. Ranar da aka haɗa makin yaran nan biyu ina Mashi wajen gaisuwar rasuwa. Shi kaɗai ya zauna ya yi, bai yarda ya nemi kowa ba."

Zakiyya ta lalubi kujerarta ta zauna.

"Makarar fa?"

"Babur ya ajiye. A ƙafa yake tahowa tun daga bayan Kusugu, ya ce wa mutane likita ne ya sa shi motsa jiki. Kuma ba ya iya fitowa sai gari ya waye sosai, in da sauran duhu-duhu ba ya ganin ƙasa. Ki auna tafiyar da kanki."

Zakiyya ta runtse ido. Ta tuna maganarta ta ƙarshe a taron, wadda ta faɗa tana buga tebur: gobe in bakwai da kwata ta yi maka a wajen get, kada ka wahalar da kanka ka shigo. Ta tuna yadda ya miƙe, ya ce "To, Shugaba," bai ƙara ko kalma ba, ya bi bango da hannu ya fita. Ita a lokacin ta ɗauka raini ne.

Sai kuma takaicin ya juyo mata ta wata fuska.

"To me ya sa ba wanda ya faɗa min? Kun zauna kun zuba min ido ina ta haƙilo, kun bar ni na zama abin dariya! Ke mataimakiyata ce, Malama. Aikinki ne ki sanar da ni."

Malama Ma'u ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Sau uku na zo miki."

"Yaushe?"

"Na farko na ce miki Shugaba, akwai maganar Malam Yahya da nake so mu yi mu biyu. Idonki na kan kwamfuta, kika ce in rubuto. Na biyu na tare ki a bakin mota, kika ce in dai roƙon alfarma ne ba kya son ji. Na uku ban ma ƙarasa sallama ba kika nuna min agogo. Ciwon mutum ake rubutawa a takarda a sa a fayil, Zakiyya? Sirrin da ya ɓoye wa 'yan uwansa?"

"Shi da kansa ai yana da baki."

"Ya faɗa wa wa? Wa ya ga fuskar da zai kawo miki damuwarsa? Malama Nana da ta yi ɓari a watan Rajab, kwana biyu ta yi a gida ta dawo tana jan ƙafa, kin ce mata sannu? Takardar neman ba'asi kika tura mata. Wata bakwai kina nan, faɗa min sunan ɗan malami ɗaya. Ɗaya tak."

Ko ɗaya Zakiyya ba ta sani ba.

"Ba raina ƙoƙarinki nake ba," Malama Ma'u ta ci gaba, muryarta ta ɗan sauka. "Kin gyara abubuwa. Da can malami sai ya bar aji ya tafi kasuwa, yanzu babu. Kin san aiki, ba mai musun wannan. Amma mutanen da kike aikin da su ba ki san su ba, ba ki kuma nemi sani ba. In kin shigo ɗakin malamai kowa sai ya haɗiye dariyarsa. Tsoronki muke ji, shi ke nan abin da ke tsakaninmu. Kuma mai jin tsoronki ba zai taɓa gaya miki gaskiya ba, sai dai ya ɓoye har abin ya fashe."

"Ni ma fa mutum ce," Zakiyya ta ce, hawayen da take dannewa suka cika mata ido. "Kin san abin da ake faɗa a kaina? Yarinya ce, ba za ta iya ba, an ɗauko ta an ɗora a kan manya. In na yi dariya a ce na yi sanyi, in na ɗaure fuska a ce girman kai. Iyaye su zage ni, Hajiya ta kira ni kan sakamako, ku kuma ku haɗe kai. Wa ya taɓa tambayata ni lafiya?"

"Ga shi yau kin faɗa, na kuma ji. Da tun farko haka kike mana magana da ba mu kawo nan ba."

Malama Ma'u ta miƙe ta buɗe ƙofa, sannan ta juyo.

"Kwana goma sha tara kawai ya roƙi Allah, ya raka yaran nan bakin jarrabawa, sannan ya ajiye alli da mutuncinsa. Ki je gidansa yau. Ba gobe ba, yau. Ki janye wa'adin nan da bakinki."

*

Bayan la'asar tana zaune a mota a harabar makaranta, ta kasa tayarwa, wayarta ta ɗauki ƙara. Hajiya Maiturare, mai makarantar.

"Hajiya, ina wuni?"

"Ba wuni na kira ki ba. 'Yar nan, me na ji?"

"Hajiya wallahi ban san yana da lalura ba, yanzu Malama Ma'u take..."

"Ko ba shi da lalura, haka ake yi wa babba? Ƙannensa biyu sun bar gidana yanzu, sun ce sai sun kai ki kotu kan ɓata suna. Shi ne ya aiko ya ce in wani ya taka ƙofar alƙali bai yafe ba. Kin ji irin mutumin da kika tozarta."

Zakiyya ta dafe baki.

"Bari in gaya miki abin da ban yi niyyar faɗa ba. Kujerar nan da kike kai, shi na fara ba. Sau biyu ina kiransa falona yana ƙi. Ya ce Hajiya, idona ba zai kai ni ba, kada in cuci yaran mutane. Na ce to wa zan ba? Cikin takardu tara da aka kawo, taki ya sa aka karanta masa har sau biyu. Na ce yarinya ce. Ya ce yarinya ce amma tana da kishin aiki, sauran kuma za mu koya mata a hankali."

"Hajiya..."

"Ni ban san ciwon ya kai haka ba, ce min ya yi ɗan hazo-hazo ne. Wannan laifina ne, ban bibiya ba. Naki laifin kuma ki je ki wanke da kanki. Kada ki aika, kada ki rubuta. Ki je."

Ƙit, ta kashe.

Ta je ɗin, kada ku ce ba ta je ba. Ta bi ta cikin gari har ta wuce Kusugu, ta tambayi wani mai kanti ya nuna mata lungun. Ta ajiye mota a bakin lungu ta fito.

Sai ta hango tabarma a ƙofar gidan. Maza sun kai takwas a zaune, Malam Yahya a tsakiya ya sunkuyar da kai, ga Malam Jafaru a gefe yana magana yana yarfa hannu.

Ƙafarta ta ƙi gaba.

A gaban waɗannan duka zan durƙusa? Gobe ai duk Daura ta ji.

Wata zuciyar ta ce mata, ke a gaban mutum nawa kika yi masa?

Ta yi taku uku, ta tsaya. Wani daga cikin mazan ya ɗago ya dubi wajen da take. Ai kuwa ta juya da sauri kamar wadda ta yi ɓatan hanya, ta faɗa mota, ta ja.

A hanya ta tsaya ta fara rubuta masa saƙo. Ta yi layi huɗu sannan ta tuna wa take rubuta wa. Ta goge. Ta kira lambarsa sau ɗaya, aka ce a kashe take. Abin kunya, har wani sanyi ta ji a ranta da ba a ɗauka ba.

"Gobe da sassafe," ta ce wa kanta. "In zo kafin ya fito, ba kowa, in ba shi haƙuri, in ɗauko shi a mota mu shiga makaranta tare kowa ya gani. Hakan ma ya fi."

Haka ta lallashi kanta har gida.

*

Bakwai saura kwata tana ƙofar gidan. Lungun shiru, sai wata mai ƙosai da ke hura wuta. Ta yi sallama a zaure sau biyu kafin aka amsa.

Wata dattijuwa ta leƙo, siririya, da tsintsiya a hannu, idanunta sun kumbura. Nagoggo ke nan, matar Malam Yahya.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau. Daga ina?"

"Daga makaranta. Ni ce... Zakiyya."

Nagoggo ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ta jingine tsintsiyar a bango a hankali.

"Ke ce."

"Ni ce, Inna. Na zo ne in ba Malam haƙuri. Wallahi ban sani ba, da na sani..."

"Jiya ba ke aka ce an gani a bakin lungu ba?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai.

"Da aka gaya masa har fuskarsa ta saki. Ya ce in shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗaki, Shugaba za ta shigo. Ya sallami mutane tun kafin magariba don kada ki ji nauyi. Ya zauna yana jira. Tuwonsa ma bai taɓa ba."

"Inna don girman Allah ki yi min iso, yanzu zan gyara komai. Da mota na zo, ni zan kai shi."

"Wa za ki kai?"

"Malam."

Nagoggo ta matsa gefe, ta nuna mata kusurwar zaure. Wani tsohon buhu ne yashe a ƙasa, da ɗigon baƙin mai, da sawun taya a kan ƙura har bakin ƙofa.

Nan take Zakiyya ta gane: a nan babur ɗinsa yake ajiye, yanzu kuma ba ya nan.

"Wata huɗu makullin nan yana cikin kwanon da nake ajiye daddawa," in ji Nagoggo, muryarta ta fara karyewa. "Likita ya ce ko da wasa kada ya sake hawa. Yau ana idar da asuba ya ce in ba shi. Na ce ba zan bayar ba. Na riƙe rigarsa, na yi kuka, na ce ya jira ɗan acaɓa. Ya ce jiya an ce yana shaye-shaye, yau ba zai bari a kulle masa get a gaban ɗalibansa ba, kuma ba zai jingina mutuncinsa da ko za a samu abin hawa ko ba za a samu ba. Shekara talatin muna tare bai taɓa haɗa ni da Allah a kan wani abu ba sai yau."

"Tun yaushe ya fita?"

"Minti goma bai cika ba."

"Innalillahi... bari in bi shi, ta wace hanya yake..."

Waya ta fara ruri daga cikin gida. Nagoggo ta juya da gudu, zaninta na harɗe ta, ta dawo da ita a hannu tana kallon fuskar wayar.

"Lambarsa ce. Alhamdulillahi, lambarsa ce, ya isa." Ta kanga a kunne. "Malam? Malam ka isa?"

Zakiyya na kallonta. Ta ga murmushin ya tsaya a fuskarta, sannan ya zube. Nagoggo ta miƙo mata wayar.

Zakiyya ta karɓa. Hayaniya ce kawai ke tashi, mutane na salati, wani na ihu a kawo ruwa.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Hajiya, ke iyalin mai wayar nan ce?" Muryar wani namiji ce, yana haki.

"E... e, ina jin ka. Yana raye?"

"Dattijon yana raye, ƙafarsa ce dai. Muna kwanar da ake hawa titin Kongolam, ku taho yanzu-yanzu. Sai tambaya yake me ya buge, ya ce shi bai ga kowa ba."

"Buge? Wani abu ya buge?"



"Yarinya ce, Hajiya. Ta fito daga gefe za ta tsallaka. Tun ɗazu muke yayyafa mata ruwa ba ta motsa ba. Ba mu san 'yar gidan wa ba ce, amma kayan makarantar Hajiya Maiturare ne a jikinta."